Marin da Na Yi wa Talabijin ɗin Oga

Ba zan taɓa mantawa da gaisuwar Kirsimetin da muka je gidan Oga Bulus a unguwar Romi ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Shi ne manajanmu a wata masana'antar robobi da ke Kudenda, kuma a lokacin ana neman wanda za a naɗa shugaban sashenmu. Mu biyu ake kallo, ni da Ɗanlami. Oga ya sha faɗin mai natsuwa yake so, don haka na sha shaddata, na ƙudurta ko tari mai ƙarfi ba zan yi ba.

Da na tsaya ga shinkafa da naman kazata, da an rabu lafiya. Sai ga 'yarsa Rifkatu, wadda ta zo hutu daga karatu a Turai, ta jona na'urar gem a wani makeken talabijin da ke maƙale a bango. Ina ɗaga kai na ga wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda mutum ke hawa faifan katako ya gangaro daga kan dutse. Wasan da ya cinye mini ƙuruciya ke nan a shagon gem na Tudun Wada.

Nan fa bakina ya ƙi rufuwa. Na kwaso musu tarihi tun daga na kaset ɗin da sai ka hura masa iska yake kamawa, wanda ɗan wasan cikinsa kamar an haɗa shi da kwalin ashana, har zuwa na faifai mai kiɗa da alkafura a sama. (Ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta firji ba.)

"Ashe akwai gwani a cikinmu," in ji Ɗanlami, yana wani murmushi da har yau nake jin haushinsa. "Rifkatu, miƙa wa Malam abin buga wasan ya nuna mana."

Na karɓa, kuma wallahi yatsuna ba su manta ba. Na kauce wa itatuwa, na wuce kowa, na yi tsalle daga wani ƙaton tudu. Ina sama sai kiɗa ya ɗauke, hoto ya tsaya, ɗan wasana ya maƙale a iska.

To, a shagonmu na da, in hoto ya tsaya, doka ce mai riƙe da wasa ya tashi ya mari talabijin a gefe. Mai shagon da kansa ya koya mana, kuma waɗancan masu ƙaton baya ba sa jin komai. Kafin hankalina ya iso, hannuna ya riga ya isa. Na ba shi mari mai kyau.

Talabijin ya karkace, ya yi lilo a ƙusa ɗaya, wani koren layi ya ratsa fuskarsa, sannan ya yi baƙi ƙirin. Matar Oga ta ajiye tiren da ke hannunta a hankali.

"Ankul, ba tsayawa ya yi ba," Rifkatu ta ce da ƙaramar murya. "Haka yake yi in mutum ya yi tsalle mai kyau, don a kalla sosai."

Wato yabona yake yi, ni kuma na mare shi. Kunya ta kama ni har kunnena ya yi zafi, ga takaici. Wane ne ya ce wa masu ƙera abin nan haka ake yabon mutum?

"Babu komai, Malam, ci abincinka," in ji Oga. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan hutu aka naɗa Ɗanlami. Oga ya kira ni ofis, ya yaba aikina, sannan ya ce, "Amma ka san injinan sashen nan su ma sukan tsaya."

Tun daga ranar, in abu ya tsaya a gabana, hannuwana nake fara cusawa a aljihu, sannan in tambayi mai shi ko lafiya.