Ɗigo Uku a Kan Farar Takarda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na bugi ƙirji na ce duk Lyon babu yoyon da ya isa ya ɓuya mini ba. Shekara ashirin ina gyaran famfo a benayen unguwar Minguettes. In tiyo ya fashe a hawa na sha biyar, tun daga ƙasa nake jin warinsa (to, na ɗan ƙara gishiri, amma kaɗan).

Hadiza 'yar ƙanwata ce. Ta gama karatu a Villeurbanne, ta samu aikin zane a Paris, ta haɗa kwamfutar aikin da hannunta, irin wadda wani shuɗin ruwa ke zagaya cikinta ta tiyo yana sanyaya ta. Lahadi da yamma za ta tafi da ita, Litinin ta fara aiki. Saura gwaji: a cire wa komai wuta sai ɗan famfon da ke tura ruwan, a shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa, ruwan ya yini ya kwana yana zagaye. Ɗigo ɗaya ya taɓa kayan ciki, shi ke nan.

"Kawu, a hankali fa, c'est fragile, ba ta da ƙwari."

"Ke dai aje ta a falona ki tafi."

Juma'a da la'asar na leƙa: ɗigo biyu! Na kwance, na ɗaure. Da magariba ɗigo uku, kuma a wani gefe daban. Asabar da asuba na sauya robobin mahaɗa kaf. Da azahar, ga shi nan dai! Na kira Hadiza na yanke hukunci: "Jabun kaya aka sayar miki."

Ta taho a guje, ido ya yi ja, tana cewa da me za ta fara aiki jibi. Na ce ta jira in yi alwalar la'asar. Na fito, kamar kullum na biya ta falo, na sunkuya ina nuna mata wurin. Ɗis! A gaban idonta.

Matata Hajiya ta ɗauki takardar ta ɗaga sama.

"Alhaji, ruwan kwamfutar nan ba shuɗi ba ne?"

"Shuɗi ne mana."

"To wannan fari ne. Shafa gemunka."

Na shafa. Sharkaf.

Hadiza ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Aka hana ni shiga falo sai da tawul, gwaji ya kwana ya yini, takarda busasshiya ƙamas. Tun daga nan na koyi duba kalar ruwa kafin in zagi masu kaya.

A tashar jirgi ina ba Hadiza shawarar yadda za ta lura da yoyo, Hajiya ta katse ni:

"Bar ta ta tafi, Alhaji. Yoyon ai da shi zan koma gida."