Ƙafafun Wankakke

Wanda bai taɓa ganin yayanmu Wankakke ba, bai san abin da ake kira tsarki ba. In ya shigo coci da farar rigarsa, fitilu kan ji kunya su rage haske. Shagon sabulu gare shi a bakin kasuwa, inda yake yini yana yi wa masu saye wa'azi cewa jiki sai da wanka safe da yamma, kada a yi wa kumfa rowa. Amma in aka zo maganar rai, ƙa'idar daban ce. Shi dai an yi masa baftisma tun yana saurayi, kuma a faɗarsa, tun da ya fito daga ruwan nan ko ƙura ba ta sake sauka a kansa ba. 'Yan uwa suka laƙaba masa sunan don tsokana. Ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta a allon shago.

Ran Lahadi, in fasto ya ce kowa ya sunkuya ya furta zunubinsa gaban Ubangiji, Wankakke ma yakan sunkuya, don kada a ce yana da girman kai. Sai dai idonsa ɗaya a buɗe yake, yana duba wanda ya fi daɗewa. Kullum kuwa ƙanensa ne, direban babbar mota, mai saurin fushi da saurin kuka. Ya yi faɗa a tasha ran Talata, ya jiƙa benci da hawaye ran Lahadi. Addu'arsa ba ta da wani mafari sai "Uba, na sake", har Na-Sake ya zama sunansa.

Fasto ya sha faɗa cewa mai bin Yesu matafiyi ne. Ya yi wanka, gaskiya ne, amma hanya ba ta daina bula masa ƙura ba, shi ya sa kullum yake komawa wurin Yesu a wanke shi, kuma ruwan ba ya ƙarewa. Wankakke yakan gyaɗa kai da tausayi, yana waiwayar ƙanensa, don ya san da wa ake.

Ana nan sai shugaban dattawan coci ya tsufa ya ajiye aiki. Wankakke ya ƙyalla ido kan kujerar, har yakan zauna a kanta ya gwada in babu kowa. Abu ɗaya ya dame shi: ƙane mai yawan tuba tabo ne a farar riga. Sai ya miƙe a taron dattawa, ya gyara murya.

"'Yan uwa, gafara ba famfon unguwa ba ce, da kowa zai zo da bokitinsa kullum. Ni sau ɗaya na tuba, amma na tuba mai kyau. Abin da aka wanke da gaskiya ba ya neman a sake."

Bai zauna ba sai da ya gajiyar da tsofaffin nan suka yarda a hana Na-Sake jefa ƙuri'a har sai ya natsu. Ya fito yana share ido, yana cewa jininsa ne, amma gaskiya ta fi jini.

Ranar zaɓe ya iso da takalmi mai ƙyalli, wanda mutum zai iya aske gemu a jikinsa. Sai fasto ya sanar cewa kafin a ɗaga hannu, za a wanke ƙafafun masu neman kujerar, yadda Yesu ya yi wa almajiransa. Aka kawo roba da ruwa da sabulu da tawul. Matar Wankakke ta ɗauki jakarta a hankali, ta koma bencin da ke kusa da taga. Ita kaɗai ta san cewa koyarwar maigidanta ta sauka har cikin safa. Ƙafafun nan sau ɗaya aka wanke su, amma an wanke su da kyau.

Babu wanda ya riga Na-Sake ɗaukar robar. Ya durƙusa gaban yayansa, ya kwance igiyar takalmin. Abin da ya fito daga ciki ba a gani da ido, amma ya isa bencin baya kafin fasto ya ƙifta. Mawaƙa suka rasa baitin da suke. Wata tsohuwa da mura ta toshe wa hanci tun bara ta warke nan take. Safar kuwa, da aka cire ta, tsayawa ta yi da kanta a gefe kamar mai jiran sallama.

Na-Sake bai ko yamutsa fuska ba. Ya cuɗa, ruwa ya yi baƙi, aka zubar, aka kawo wani. Wankakke ya sunkuyo ya raɗa masa cewa ya isa haka, mutane na kallo.

"Bari, yaya," in ji direba, yana shiga tsakanin yatsu. "Ba wani abu ba ne. Ni kullum haka nake zuwa, kuma ba a taɓa cewa ruwa ya ƙare ba."

Ana cikin goge ƙafar, Wankakke ya farfaɗo daga kunya. Ya miƙe ba takalmi, ya shaida wa ikkilisiya cewa yau sun ga tawali'u da idonsu, don ba kowane babba ne zai yarda ƙaramin mai zunubi ya taɓa ƙafarsa ba. Fasto ya yi tari, ya ce masu son Wankakke ya hau kujera su ɗaga hannu.

Hannuwan jama'a duk suna bakin aiki a kan hanci. Ɗaya tak ya tashi sama, jiƙe da kumfa, ruwa na gangara har gwiwar hannu. Fasto ya dube shi, ya dubi Wankakke.

"Dattijo, wannan kai ka ce kada a ƙirga."