Dakta Barau Ya Gano Tsutsa a Hoton Bilki

Kai jama'ar Limawa, ku ba Dakta hanya! Alhaji Barau mai kemis, Gagara-Asibiti, wanda ya yi digirinsa a bayan kwalin magani. Kallo ɗaya zai yi maka ta saman tabarau ya faɗa maka ciwon da kakanka ya mutu da shi.

Bilkinmu ce ta dawo hutu daga jami'a da wani hoto mai kala, duk murɗe-murɗe kamar taliya. Ta ce furotin ne, abin da ke gina jiki. Wai shi ma da zanensa kamar hula, kuma da kwamfuta take farautar inda murɗi biyu da lanƙwasa ɗaya ke maimaituwa. In malaminta ya tabbatar ta gano daidai, za a ɗauke ta karatun gaba. Ni da na tsaya aji shida ma na gane. Baba kuwa ya naɗe hoton, sai wajen masana.

Dakta ya riƙe shi a juye, ya yi gyaran murya.

"Malam Idirisu, tsutsar ciki ce. Jar mace ce, shuɗiyar kuma namiji. Mu a fannin lafiya mun san su. A makaranta yarinyar nan ta kwaso."

Nan take Baba ya ce Bilki ta gama boko. Ta yi bayani, ta yi kuka, Dakta ya ce kukan ma alama ce. Dokin mai baki ya fi gudu. Ya ɗura wa gidanmu maganin tsutsa kaf, har Gaji kakarmu, ya manna hoton a ƙofar kanti, unguwa ta yi layi. Don ya nuna jarumta, shi ninki biyu ya sha a gaban kowa. Ranar duk wanda ka gani da buta yake, yana sauri, ba sallama.

Ana haka wayar salularsa ta yi ƙara, ita kaɗai ce a layinmu, lambarta Bilki ta bari a makaranta. Da ya ji Farfesa ne, malamin Bilki, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji yadda manya ke gaisawa.

"Abokin aiki! Mun ga tsutsar, mun ɗauki mataki."

"Wace tsutsa? Furotin ne, Alhaji, yana jikin kowa, har naka. A gaya wa Bilkisu aikinta ya yi daidai, an ɗauke ta."

Gaji ta rangaɗa guɗa, Baba ya hau murmushi. Dakta ya buɗe baki zai ba da amsa, cikinsa ya riga shi.