Jar Hular Baba

Ruwan Kwara ya cinye gidanmu na Lafagu, Baba bai daɗe ba ya rasu. Ni da na koyi haɗa manhaja, na yi wa Inna alkawarin gina mata gidan cikin kwamfuta, ta zaga shi ɗaki-ɗaki kamar da.

Ƙa'idar kayan aikin manhajar ita ce gado: abin da ka sa wa uwar siffa, duk 'ya'yanta sai sun gada. Don ragwanci, daga uwa ɗaya na fitar da siffar Baba da ta awakinmu. Ranar nunawa na ƙara masa jar hularsa, ban ko duba ko a kan uwar siffar na sa ta ba. Ai ni gwani ne.

Dangi suka taru a Bagudo, har da taubasaina na hayin Benin. Inna ta ga Baba zaune gindin mangwaro, ta shafa gilashin kwamfutar tana hawaye. Sai ga awaki sun shigo, kowace da jar hula.

"Yana raye, ko ni ban taɓa hular ga ba," in ji Inna, ta tashi ta fita.

Har yau in akuya ta gitta, taubasan nan sai su ce mini, "Tashi ka gaida Baba."