Kwanon Kamfanin M.N.

Ko da zan manta ranar da aka kai ni ɗakin miji, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na tara mata a falona a Daɗin Kowa don in koya musu yadda ake zaɓen kwano ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, duk sanyin garin Jos ɗin nan.

Bari in fara da faɗin halina, kafin wani ya riga ni. Ni mace ce mai son a ce ta sani. Ko zancen gyaran mota ake yi sai na tsoma baki, balle kuma zancen kwanuka, inda nake ganin duk layinmu babu ta biyuna. Kuma ba a banza na samu ilimin ba, asara ce ta koya mini. Tangaran saiti biyu aka jera mini lokacin aure, ba su ga shekara uku ba. Maigidana, Baban Amira, mutumin kirki ne, amma hannunsa kullum kamar an shafa masa sabulu. Da tangaran suka ƙare na koma roba. Miyar manja ta rine su ɗaya bayan ɗaya, wata kuma na manta ta kusa da risho ta koma kamar takalmin da mota ta taka. Na gwada samira, ita ma da ta faɗi sau biyu fentin ya ɓantare, tsatsa ta samu wurin zama.

Ana cikin haka na haifi 'yata ta biyu, na tafi Bauci wanka wajen Inna. Can na yi Kirsimetin shekarar, sai cikin Janairu na dawo, da jaririya a baya da kwali guda na kwanukan da Inna ta haɗo mini. Na zube su a kicin, na kwaso na cikin kabad na haɗa, na shiga jerawa. A cikin tarin ne na ga wani kwanon silba mai murfi, mai kauri, mai nauyi a hannu, irin wanda in ka ƙwanƙwasa shi sai ya daɗe yana amsawa. Na kifa shi na duba gindinsa, kamar yadda masana suke yi. An buga harufa da ƙarfe, tsaf da su: M.N. ABA. Nan take na fassara wa kaina. Aba dai garin masana'antu ne, kowa ya sani. M.N. kuwa ai ba sai an faɗa wa mai takardar koyarwa irina ba: Made in Nigeria. Na kira Inna a waya na ce kwanon nan da ta ba ni ya yi. Ta ce madalla. (Kwano goma sha wani abu ta ba ni, ba ta tambayi wanne ba, ni ma ban faɗa ba.)

Yanzu sai in gabatar muku da maƙwabciyata, Madam Ngozi. (Na san wasunku sun riga sun gano inda labarin ya dosa. Ku yi haƙuri, ni shekara uku ya ɗauke ni.) Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Aure ya kawo ta Jos sama da shekara ashirin, tana da shagon kayan masarufi a bakin titi, kuma duk wata sai ta je kudu saro kaya. Da Sallah mu kai mata nama da waina, da Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa da kaji, kuma Baban Amira ne yake yanka mata kajin don mu ci hankali kwance. Hausarta tana da daɗi, sai dai kowa a wajenta "ka" ne, mace ko namiji, haka kuma kowane mazubi a duniya, daga kofi har fanteka, sunansa "filet". Ni kuwa "Neba" take kirana, wato maƙwabciya.

Kwana biyu da dawowata ta shigo barka. Bayan ta ɗauki jaririya ta yi mata rawa, sai ta zauna ta yi tagumi.

"Neba, ka ga filet ɗina a gidan nan? Ranar Kirsimeti yarana sun kai abinci gida bakwai, filet guda ɗaya bai dawo ba. Ban san gidan da ya shiga ba. Na mamana ne, shi kaɗai na ɗauko da ya mutu."

Da na ji filet, sai na miƙe na je na duba farantai. Farantai kawai. Na ƙirga su, duk nawa ne. Ban tambaye ta kamanninsa ba, ban tambaye ta girmansa ba, don ni ai na riga na gane abin da take nufi. Na leƙa ɗaki na tambayi Baban Amira, ya ce shi dai ya ci shinkafa ta yi daɗi, kuma yana jin an zo an karɓi abin. Na dawo na tarar da Madam Ngozi tana share hawaye da bakin zaninta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ƙaunar matar nan. Sai na ɗaga hannu sama, a tsakiyar falona, na ce, "Duk wadda ta riƙe miki abin mahaifiyarki, Allah ya tona mata asiri. Ya tona shi a gaban surukarta da dangin mijinta, kowa yana kallo."

Ta ce "Amin" irin ta coci, mai tsawo, har jaririya ta farka.

A daidai lokacin, kwanon yana bayan labule, taku biyar daga inda take zaune, cike da tuwon Baban Amira.

Shekara uku kwanon nan yana yi mini bauta. Shi ne kwanon maigida, ba ya fita tsakar gida, shi ya sa maƙwabta ba su taɓa ganinsa ba. Ya faɗo daga saman kabad bai lotsa ba. Amira ta mayar da shi ganga. Na taɓa manta shi a kan wuta har ƙasansa ya yi baƙi, na goge da toka ya dawo kamar sabo. In na zuba tuwo da magariba na rufe, ko lokacin sanyin da ruwa yake cizon hannu, sai maigida ya dawo ya same shi da ɗumi. Na ƙudura a raina sai na cika gidana da kayan kamfanin M.N. Na zagaye kasuwar Taminus rumfa rumfa ina tambaya. Wani ya ce sun ƙare, in dawo mako mai zuwa. Wani ya ce shi ne ma babban dilansu, amma kaya suna hanya. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce ai kamfanin nan ya daɗe da rufewa, yanzu ba a yin abu mai kyau irin nasu. Na dawo gida ina jimamin rufewar kamfanin da ba a taɓa buɗewa ba.

Kuna iya tambaya me ya hana in nemi Madam Ngozi, ita da take zuwa Aba duk wata. Amsar ba ta da daɗin faɗa. Ba na so matan layi su ji sunan kamfanin kowa ta saya, in rasa abin da na fi su da shi.

Auren Rabi, ƙanwar mijina, shi ya sa na saki sirrin. Surukata Hajiya ta taso daga unguwar Kwararafa da 'yan'uwanta biyu da ita amaryar, aka zauna a falona don a tsayar da kayan kicin da za a saya. Hajiya mace ce mai magana a hankali, amma tun da na shigo gidansu ban taɓa kawo shawara ta ce "haka ne" ba, sai dai ta ce "to". Na ce a raina yau sai na karɓi "haka ne" ɗin nan. Na aika wa Madam Ngozi ta shigo in ta rufe shago, akwai saƙon da za mu ba ta zuwa Aba.

Hajiya ta ce ita dai tangaran take so, masu zanen fure, abin da baƙi za su gani su san yarinya daga gida ta fito. Na gyara zama na fara lacca. Na ce tangaran na kallo ne, ba na ci ba. Na ce a ware saiti ɗaya na baƙi a kulle a kabad, amma abin yau da gobe sai wanda zai jure faɗuwa da wuta da hannun maigida. Na koya musu a ɗaga kwano a ji nauyinsa, a shafa bakinsa a ji ko yana yanka, a gwada murfin a ga ko ya zauna daram. (Gaskiya duk abin da na faɗa daidai ne. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi.) Da na ga sun yi shiru suna saurare, sai kaina ya ƙara girma. Na shiga kicin na fito da kwanon, na ɗaga shi sama da kaina.

"Hajiya, ku kalla da idonku."

Na sake shi a kan tayil. Ya buga ƙara kamar ƙararrawar makaranta, murfin ya yi gabas, kwanon ya hau gefensa ya gangara, ya wuce ƙafar Hajiya, ya wuce ta Rabi, ya nufi ƙofa. Daidai nan Madam Ngozi ta ɗaga labule ta yi sallama. Ya zo gabanta ya yi juyi biyu ya kife.

"Yawwa, Madam, kin zo a daidai," na ce. "Ɗauki ki duba gindin. Kamfanin nan nake so ki nemo mana a Aba, dozin biyu. M.N., wato Made in Nigeria."

Ta sunkuya ta ɗauka. Ta daɗe tana shafa harufan da babban yatsanta. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, ina jiran ta yaba.

"Neba," ta ce a hankali, "wannan ba Made in Nigeria ba ne. Mama Ngozi ne. Babana ya kai kasuwa aka rubuta masa, shekarar da aka haife ni."

Ban gane nan da nan ba. Har na buɗe baki zan yi mata gyara. Sai na ga ta rungume kwanon a ƙirjinta, hawaye suna zubowa, sannan komai ya faɗo mini lokaci ɗaya: Kirsimeti, shinkafar Baban Amira, filet. Shekara uku ina ganin matar nan duk Disamba tana tuna abin mahaifiyarta tana share ido, ina taya ta tsine wa ɓarauniya, in koma ciki in zuba tuwo a cikinsa. Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne tausayinta.

Hajiya ta ce, "Baiwar Allah, lafiya? Me ya faru?"

Madam Ngozi ta share fuska ta ba su labari tun daga farko, ba ta rage komai ba. Da ta zo wajen addu'ar sai ta tsaya, ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta dubi 'yan'uwan Hajiya da suke jere a kujera. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne ya dawo, ashe dariya ce.

"Neba, kai ne ka yi addu'a fa. Ni amin kawai na ce."

Hajiya ta ce a maimaita mata addu'ar. Aka maimaita, kalma bayan kalma. Rabi ta zame daga kujera ta kwanta a ƙasa tana riƙe ciki. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta gyara mayafinta, ta ƙirga mutanen falon da ido, ta ce, "Ga suruka, ga dangin miji, kowa yana kallo. Babu abin da ya ragu. Haka ne." Sannan ta juyo gare ni. "Ashe addu'arki ba ta faɗuwa ƙasa. Don Allah ki riƙa sa ni a ciki, amma ki bari in zaɓi kalmomin."

Wannan ita ce "haka ne" ɗin da na shekara bakwai ina nema.

Da Baban Amira ya dawo na tare shi tun daga ƙofa, na ce shekara uku yana cin abinci a kwanon da aka kawo masa shinkafa, bai taɓa gane shi ba? Ya ce shi tuwon yake kallo, ba kwanon ba. Ashe ranar Kirsimetin da ya cinye, shi da kansa ya wanke ya tura cikin kabad. Sau ɗaya mutumin nan ya taɓa wanke kwano a tarihin aurenmu, ga abin da ya jawo.

Madam Ngozi ba ta tafi da kwanon a ranar ba. Ta ajiye mini shi a kan tebur ta ce a layin nan ba a mayar da filet babu komai a ciki, kuma nata ya yi Kirsimeti uku a waje, don haka in yi tunani da kyau. Washegari na tashi tun asuba na soya waina, na yi miyar taushe da naman rago, na cika shi har murfin ya ƙi zama. Na kai mata da kaina, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ɗaga ni ta ce ai ta gode, don da wani gidan ya shiga da tuni an sayar wa 'yan gwangwan, ni kuwa na riƙe shi kamar ɗana.

Rabi dai tangaran mai fure aka saya mata, babu wanda ya sake neman shawarata. Matan layi kuma sun sa mini suna, har masu kayan miya sun ɗauka. In na wuce sai in ji ana cewa, "Sannu, Made in Nigeria."

Abin da na koya bai da yawa. In maƙwabciya ta ce abinta ya ɓata, ki tambaye ta kamanninsa. In kuma addu'a ta zo miki baki da zafi, ki fara shiga kicin ki kifa kwanukanki tukuna. Har yanzu duk Kirsimeti a kwanon nan shinkafarmu take zuwa. Sai dai Madam Ngozi ba ta aiko yara. Da kanta take kawowa, ta ja kujera ta zauna a kicin ɗina tana mini hira, har sai na juye na wanke na miƙa mata a hannu.