Nomau da Dokar Mai Gadin Daji

A unguwar maƙera ta wani gari akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Inna Tabawa, tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani, ba ta bambance mutum da turmi sai ya yi magana. Akwai 'yarta Kande mai tuyar masa, mace mai zafin nama da zafin baki. Sai autan gidan, Nomau, ƙato mai gemu, wanda duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari wawa suke ce masa. Abin haushi, su ne ke sakin magana yadda suka ga dama, shi kuma in ya ɗauka ya riƙe ta da gaske, sai a taru a kansa.

Buri ɗaya ya rage wa Inna a duniya. An haife ta a wani ƙauyen masu narkar da tama su fitar da ƙarfe, wanda yanzu ya zama kufai a tsakiyar gandun namun daji. An tashe su daga can tun tana yarinya mai famfara, haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba. So take ta koma ta dafa kukar da ke ƙofar gidan ubanta kafin ta mutu. Kande ta sayar da akuyarta, ta kife tandar masa, ta ɗauki uwa da ƙane suka kama hanya.

A ƙofar gandun suka tarar da Malam Ilu mai gadin daji, da bindiga a kafaɗa da fuska a murtuke. Ya ce, "Ba a ba dabba abinci. Ba a surutu kusa da namun daji. Abin da yake na nan, a nan ake barin sa, ko tsinke ne. Wanda ya karya doka, ƙofar da ya shigo ta nan zai fita. Kufai kuwa sai ranar ƙarshe mota ke zuwa." Sauran baƙi suna ta danna waya. Nomau kaɗai ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Gaban Kande ya faɗi, don ta san wannan gyaɗa kan.

Wata rana da hantsi Kande za ta kai Inna ta sha iska, ta ga birai sun yi layi a kan katangar masauki. Ta ce, "Nomau, ga guzurinmu nan. Kada ko loma ɗaya ta shiga bakin biri." Da suka dawo, sai suka tarar da kwanuka fes, masa da dambun nama da ƙuli-ƙuli duk babu, Nomau kuma yana kwance yana nishi.

"Ina guzurinmu?"

"Yaya, na ga ƙofa ba ta tsare su, taga ma ba ta tsare su. Sai na ajiye shi inda ba su isa ba." Ya shafa ciki.

Kande ta ɗora hannu a ka. Guzurin da ta kwana biyu tana haɗawa, ƙato ɗaya ya tashi da shi kafin azahar, kuma yana kallonta yana jiran a ce masa sannu da aiki! A ranar, da garin rogo suka rufe ciki, shi ma wata baƙuwa ce ta tausaya musu.

Wata rana aka ɗebi baƙi a buɗaɗɗiyar mota aka shiga kallon giwaye. Malam Ilu ya juyo ya ce, "Daga nan, ko me mutum ya gani, ya yi shiru." Aka tsaya a bakin wani rafi inda ake sauka a miƙe ƙafa, sannan aka ci gaba. Nomau yana zaune a can baya, idanunsa sun yi zuru-zuru, ya toshe baki da hannu biyu. Sai da aka yi nisa direba ya hango wani abu fari yana tsalle a madubi. Ashe wani Alhaji mai babbar riga ne aka manta, yana bin mota da takalmi ɗaya, mugun dawa da 'ya'yansa sun tsaya suna kallonsa.

Malam Ilu ya daka wa Nomau tsawa. "Kai, ba ka gan shi ba?"

Nomau ya gyaɗa kai.

"To me ya hana ka magana?"

Nomau ya nuna bakinsa, ya nuna Malam Ilu. Alhaji ya hau mota yana haki yana zagi, har da cewa irin waɗannan bai kamata a bar su su shigo cikin mutane ba. Kande ta haɗiye maganar da ƙyar. Mota cike da masu hankali ba wanda ya lura babu mutum, amma laifin na wanda ya bi doka ne. Malam Ilu ya ce, "Saura ƙiris ku ga ƙofa."

Wata rana Kande ta ce bari ta ba Nomau aikin da ba zai jawo magana ba. A gandun akwai wani marmaro mai ruwan ɗumi. Ta miƙa masa bokiti ta ce, "Ɗebo wa Inna ta yi wanka. Kada ka kawo shi da sanyi." Nomau ya ɗebo, a rabin hanya ya tsoma yatsa, ya ji ya fara hucewa, ya zubar ya koma. Ya sake ɗebowa, ya sake zubarwa a daidai wurin. Haka ya wuni, har hanya ta zama taɓo. Kuma wa zai biyo ta nan da wankakkiyar babbar riga in ba Alhaji ba? Santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas. Nan take ya tafi ya kai ƙara.

Malam Ilu ya zo masauki ya ce su haɗa kayansu. Kande, wadda ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba sai uwarta, ta zube a gabansa. "Malam, ka dubi Allah ka dubi tsohuwar nan. Ba giwa muka zo gani ba, ita ko giwar ta tsaya a gabanta ba za ta gan ta ba. Kufan ubanta kawai take so ta taka." Ya daɗe yana kallon Inna, sannan ya ce, "Gobe kawai. In ƙanenki ya ƙara, ko a tsakiyar hanya ne zan juyo da ku." Da ya tafi, Kande ta juya kan Nomau ta wanke shi tas. Shi kuwa cewa ya yi, "Yaya, ai ban kawo shi da sanyi ba."

Wata rana, ranar ƙarshe ke nan, mota ta tsaya a kufai. Ga ragowar murhunan narkar da tama sun tsaya cikin ciyawa, ga kashin maƙera, wato dattin narkakken ƙarfe, baƙi ƙirin a warwatse, ga kukoki birjik. Baƙi suka ɗauki hoto, suka yi hamma, Alhaji ya ce shi zaki ya biya ya gani, ba tsohuwar ƙasa ba. Inna kuwa da ƙyar aka sauko da ita. Tana lalube tana cewa, "Nan ne. Ƙanshin ƙasar nan ne. A nan aka binne cibiyata." Ko kuka ɗaya ba ta kai ga taɓawa ba Malam Ilu ya busa usur. "Kowa ya hau mota!"

Kande ta ji kamar an soka mata wuƙa. Akuyarta, durƙusonta, zagin da ta haɗiye, duk don a sauke tsohuwa a mayar da ita kamar kayan dako? Amma ta tuna sharaɗin Malam Ilu. Hawaye na zubo mata ta ce, "Nomau, ɗauko Inna."

Nomau ya zaunar da Inna a inuwa, ya tsaya a gabanta ya harɗe hannu. "Ba zan ɗauka ba."

"Ka haukace ne?"

"Malam ne ya ce abin da yake na nan, a nan ake barin sa, ko tsinke ne. Kowa ya ji Inna ta ce a nan aka binne cibiyarta. Inna ta nan ce."

Alhaji ya fashe da dariya. Direba ya zo ya ja hannun Nomau, kamar ya ja turke. Kande ta runtse ido tana jiran tsawa. Da ta buɗe, sai ta ga Malam Ilu ya sauke bindiga ya tsuguna a gaban tsohuwar.

"Inna, da gaske a nan aka haife ki?"

"Ɗan nan, akwai kukar da babana ya kafa wa turaku yana hawa ɗiban zuma. Ita nake nema."

Malam Ilu ya miƙe ya ce wa direba, "Kai su Alhaji su ga zakinsu, ka dawo da la'asar. Dokar tawa ce, ba ni zan karya ta ba."

Kuka bayan kuka suka bi da ita, tana shafa kowacce da tafin hannu. A wata tsohuwar kuka mai rami a gindi hannunta ya tsaya. Turakun sun ruɓe tuntuni, amma gurabensu suna nan, ɗaya bisa ɗaya. Ta zura yatsa a na ƙasa, ta jingina goshi da kukar, ta kira sunan ubanta da na uwarta, ta yi musu addu'a. Kande ta yi kuka har ta gode Allah. Malam Ilu ya juya baya, wai yana duba sawun dabbobi.

Da mota ta dawo, Inna ta ce, "Nomau, zo ka goya ni."

"Doka fa, Inna?"

"Yarinyar da aka fitar daga nan na dawo da ita, ga ta can gindin kuka, a nan za ta zauna. Wadda za ka goya tsohuwar gidanku ce."

Nomau ya yi tunani, ya gyaɗa kai, ya durƙusa. Kande ta gyara wa uwarta mayafi ta ce, "Ka tafi da ita a hankali."

Tsakaninsu da mota bai fi jifa ba, amma Nomau ya ɗaga ƙafa kamar hawainiya, ya ajiye, ya huta, ya ɗaga ɗayar. Inna tana bayansa ta juyar da fuska wajen kukar. Rana ta yi ja, direba ya kashe mota, kuma duk cikinsu ba wanda ya ce masa ya yi sauri.