Rasuwar Kwamfutar Maman Mahbuba

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni Juwairiyya Sa'idu ta Gumel, nake sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar kwamfutata, wadda maigidana ya sayo mini gwanjo a kasuwar Maigatari.

Marigayiya mai haƙuri ce. Da ita na yi yawon mujallun kimiyya ina neman abin da aka rubuta kan furotin da inzayim na riɗi, don digirina na biyu. In mujalla ta rufe mana ƙofa, mu rubuta wa marubucin wasiƙar roƙo, wani ya turo, wani ya share mu. Duk abin da muka samu cikinta ta adana, ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai fankarta ta ce "fuuu".

Ciwon ajalinta zafin jiki ne na bazara. Kwanakin baya 'yata Mahbuba, 'yar shekara uku, ta yi zazzaɓi, na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, na ba ta rubutun da Bappa ya aiko daga Gagarawa. Ranar da ta ji na ce jikin kwamfuta ya yi zafi, ina shiga madafa ta juye mata ragowar rubutun, ta lulluɓe ta da zane. Na tarar tana jijjiga ta.

Ta bar caja, da jaka mai mataccen zif, da babi na biyu na kundin digirina wanda bai kai ga yaye ba.

Har yau da hantsi nakan ji "fuuu" daga ɗaki, in shiga, ba kowa. Maƙalun da ta adana kuma suna zuwar mini a rai rabi-rabi: ga hoton furotin a naɗe, babu sunan marubuci, babu shekara.

Za a kai ta Maigatari ranar Alhamis, inda Ya'u mai gyara zai buɗe ta ko za a ciro abin da ke cikinta, sauran a sa a kwalinsa na tarkace. Karɓar gaisuwa a gida, bayan la'asar.

Roƙona ɗaya. Duk wanda ya tambayi sanadi a gaban Mahbuba, a ce masa tsufa ne. Kuma a sassauta murya in an zo. Ita a wurinta magani ya yi aiki, mara lafiya barci take.